Dan Allah ina kuke cin abincin rana a Abuja?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan uwa, shawara nake nema kuma da gaske nake. Wata huɗu kenan da na fara aiki a Wuse 2, ina kwana a Mararaba, kullum ina idar da sallar asuba nake fitowa saboda cunkoson Nyanya, shayi kawai nake kurɓa wani lokacin ma ko shi babu. To matsalar abincin rana ce. Inda abokan aikina suke zuwa irin wajen nan ne mai sanyin AC, shinkafa cokali biyu da cinyar kaza ɗaya da ɗan kabeji a gefe sai a ce maka 4,500, kuma wlh ban da magi da kori ba abin da nake ji a bakina, kafin la'asar yunwa ta dawo. Da na lissafa kwana 22 na aiki sai na ga kuɗin ya kusa dubu ɗari a wata. Sai na koma wajen wata mai abinci a bakin titi, nata da sauƙi 1,500 ka ƙoshi, amma sati biyu da suka wuce na ci shinkafa da miya wajen ƙarfe uku, daren nan ban runtsa ba amai da gudawa har sai da aka ƙara min ruwa. Tun daga nan tsoro nake ji, biskit da lemo nake yini da su, yanzu kuma cikina ya fara zafi. A Kano ban taɓa zama ina tunanin me zan ci da rana ba, garau-garau, ɗanwake, gurasa bandashe duk lungun da ka shiga akwai. Ku da kuka daɗe a garin nan ya kuke yi?

Bakatsine:
Sannu ɗan uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Dubu ɗari fa ka ce, ai ya wuce mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, dubu 70. Ka bar wajen nan, kuɗin haya da man janareta kake biya musu. Ni shekarata tara a Abuja kuma abin da na gane shi ne ka bi inda mutanenmu suke yini. Ka leƙa Zone 4 wajen 'yan canji, ko cikin kasuwar Wuse, za ka samu masu tuwon shinkafa da miyar kuka ko taushe, da shinkafa da wake da mai da yaji. Amma ka je kafin azahar, da an sallame sallah kowa can yake nufa, mai kyaun ya ƙare sai ƙanzo.

Maman Yara:
Ƙanina ba ka faɗa mana ko kana da iyali ba. In madam tana nan ai kula ɗaya ta raba gardama, in kuma gwauro ne to ka koyi dafa jalof ɗin taliya da wake, ba wuya.

Ɗan Fagge:
Anti iyalina suna Kano sai ƙarshen wata nake zuwa. Na gwada girki, amma ina dawowa gida ƙarfe tara na dare a gajiye, ga wuta ba ta zama balle na ajiye a firji.

'Yar Zazzau:
Ni ma'aikaciyar jinya ce bari na ce wani abu a kan shinkafar ƙarfe ukun nan, dan ina ganin irinta a asibiti. Shinkafar da aka dafa tun safe ta yini a roba ko a kula tana ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi, a nan ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, kuma wata gubar da suke saki ko an sake ɗumamawa ba ta mutuwa. Shi ya sa in za ka ci a waje ka ci wanda ka ga tururi yana tashi daga tukunya. Sannan kafin ka zauna ka kalli bahon da ake wanke kwanuka, in ka ga ruwan ya yi kauri mai yana yawo a sama kuma a ciki ake tsoma kowane faranti, ka wuce kawai. Ka lura ko hannun da take karɓar kuɗi da shi take ɗauko nama. Salak da ɗanyen kabeji ka haƙura da su a bakin titi, ba ka san da wane ruwa aka wanke ba, ta nan taifod take shiga. Zafin cikin kuma dan Allah kar ka yi ta shan maganin kemis, ka je a gwada ka, yawancin olsa wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta ko yawan shan maganin ciwon jiki, kuma lemo mai gas a cikin da ba komai ƙara maka zafin zai yi.

Mai Tuwon Garki:
Ni sana'ata kenan shekara goma sha, kuma maganar malamar asibiti gaskiya ce, amma ku ma ku yi mana adalci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gas, gawayi, kuɗin motar ɗauko kaya daga kasuwa, har ruwan da muke saya wajen 'yan ga-ruwa. In na ƙara ɗari biyu kwastoma ya yi fushi, in na rage malmala ya ce na yi rowa. Wasu a nan suke fara rage ruwan wanke-wanke da ajiye miyar jiya, ni dai ban yarda da shi ba, gara na dafa kaɗan ya ƙare ƙarfe biyu na tashi. Ɗana shawarata ka tsaya wa mutum ɗaya, ka gaishe ta, ta san fuskarka. Wanda na sani ko ya makara ina ajiye masa nasa da zafi, kuma in miya ta kwana da bakina zan ce masa yau kar ka ci wannan.

Abu Hanif:
Mu a ofishinmu mu biyar muka haɗa kai muka samu wata baiwar Allah a Kubwa tana mana girkin gida, muna biyanta duk ranar Litinin, ɗaya daga cikinmu maƙocinta ne shi yake tahowa da kulolin. Litinin dambu, Talata tuwo, Laraba faten doya haka dai. Ranar Juma'a ba ma karɓa, in an sauko daga Masallacin Ƙasa masa da fura muke saya a nan waje. Sai dai ita ma kular a ci da wuri kamar yadda aka faɗa a sama, mu sha biyu da rabi mun buɗe.

Bakatsine:
Ɗanwake da rana kam ban ba ka shawara ba in kana zaman kwamfuta, barci zai sa ka.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Yau na bi maganar Bakatsine na je Zone 4 sha biyu da kwata, na tarar ana kwashe tuwo daga tukunya, miyar kuka da man shanu har da ƙamshin daddawa, rabona da irin wannan tun Kano. Na leƙa wajen wanke-wanken ma baho biyu ne, na sabulu da na ɗauraya. Nisan ne dai sai na hau mota. Hajiya 'Yar Zazzau gwajin nan da azumi ake zuwa ko zan iya karyawa kafin na tafi? Asabar nake so na je in sha Allah.