Waɗanda suka koyi taici a Sin: yaya kuka ƙare da tsayuwar gungume?

Abu Hafsat

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina harkar kayan waya a birnin Gwanzu na ƙasar Sin, kuma zaman shago da ɗaukar kwali sun bar ni da ciwon baya. Wata biyu ke nan ina fita lambun Yuexiu bayan sallar asuba, tunda ba shi da nisa da Xiaobei inda nake kwana, na shiga cikin wasu tsofaffi masu yin taici, wato wasan motsa jiki na Sinawa da ake yi a hankali. Abin da ya ɗaure min kai shi ne har yau malamin bai koya min motsi ko ɗaya ba. Kullum sai ya tsayar da ni gefe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a gaba kamar na rungumi bishiyar kuka, ya ce kada in motsa. Minti biyar cinyoyina sun fara rawa kamar mazari. Da na yi ƙorafi sai ya nuna marata ya ce in tara "ci" a nan. Na ce a raina, bawan Allah, ko karyawa ban yi ba. Waɗanda suka bi ta nan, haka ake farawa ko dai tsohon nan wasa yake da ni?

Ɗalibi a Wuhan

Wa alaikumus salam Alhaji. Dariya ka ba ni, don nima "ci" ɗin nan ya ruɗe ni da farko. Ba na tuwo ba ne, kalmarsu ce ta numfashi ko ƙarfin rai da suke cewa yana zagaya jiki, kuma ba ita ce ke cikin sunan taici ba, a rubutunsu harafi daban ne. Tsayuwar kuwa sunanta jan juwang, wato tsayawa kamar gungume. Mu a jami'a ba a sa mu ba. Motsi 24 aka koya mana, wanda hukumar wasannin Sin ta tsara a 1956 daga salon gidan Yang don jama'a su samu sauƙi. Zango ɗaya na haddace shi, na ci jarrabawa, amma da na yi a gaban wata tsohuwa a bakin tafki sai ta ce hannuna ne kawai ke yawo, ƙafata babu kowa a ciki. Ina jin malaminka ta ƙafar ya fara maka.

Baban Sadiq

Alhaji, ka riƙe tsohon nan da hannu biyu. Bari in ba ka nawa labarin, ka yi haƙuri da tsawo.

Lokacin da nake karatu a lardin Henan na yi hutun bazara guda a Chenjiagou, ƙauyen da ake danganta asalin taici gare shi, tun zamanin Chen Wangting a ƙarni na 17. Can ne Yang Luchan, wanda ya kafa salon gidan Yang, ya je ya koya kafin ya kai abin Beijing. Na tafi da girman kai, domin na yi dambe a ƙuruciya, ina ganin babu abin da za a nuna min game da tsayuwa a kan ƙafa. Satin farko minti goma safe, goma yamma. Malamin ba ya magana sosai. Zai zo ta bayana ya danna kafaɗata da yatsa biyu, sai in ji ta faɗi ƙasa, alhali na rantse a sake take. Ya taɓa ƙuguna, ya tura haɓata ciki kaɗan, ya tafi. Kalma ɗaya ya fi maimaitawa, "sung", wato saki jiki ba tare da ka zube ba. Wahalarta ke nan: idan ka saki ka langaɓe, idan ka tsaya ka sandare, su kuma tsakiyar suke nema.

A sati na uku wani abu ya canza. Rawar cinya ta ragu, nauyina ya sauka tafin ƙafa, tafin hannuna ya ɗauki ɗumi, numfashi ya koma ciki da kansa ba tare da na tilasta shi ba. Wurin nan da malaminka ya nuna, kamar yatsu uku ƙasa da cibiya, shi suke kira dantiyan. Ban ga haske ba, ban ji wani abu na yawo a jijiyata ba. Abin da na gani da idona shi ne ranar da aka haɗa ni turin hannu, wato atisayen da mutum biyu ke haɗa hannu kowa na neman ya ture ɗan uwansa, da wani dattijo da ya girme mahaifina. Na tura da dukkan ƙarfina, sai na ji kamar na tura ƙofar da ba a kulle ba, na wuce na dafa ƙasa. Sau uku. Bai fi ni ƙarfi ba, ya dai ji inda nauyina yake kafin ni in sani. Tsayuwar ce ke koya wa mutum wannan jin, a jikinsa tukuna, sannan a jikin wani.

Maman Ilham

Ni aikina gashin ƙashi da motsa gaɓɓai a asibiti, kuma na yi shekara ina taici lokacin da maigida ke aiki a Beijing. Rawar cinya gajiyar tsoka ce kurum, tana raguwa idan tsokar ta saba. Ɗumin hannu ma ana samun sa duk lokacin da mutum ya natsu, jini ya sake zuwa fata. Ba sai an kira shi da wani suna ba. Amfanin da na fi yarda da shi daidaiton jiki ne, musamman ga tsofaffi masu yawan faɗuwa. A 2012 mujallar likitoci ta New England ta buga binciken da ya nuna masu cutar makyarkyata ta Parkinson sun ƙara daidaito bayan wata shida suna taici sau biyu a mako. Amma Alhaji, ka bambance zafi biyu. Cinya ta yi zafi, ba komai. Idan cikin gwiwa ne ke suka, ka miƙe, ka duba ko gwiwar ta karkata ciki maimakon ta bi saitin yatsun ƙafa. Kuma idan ciwon bayan na sauka ƙafa da sanyin jiki ko mutuwar yatsu, likita za ka fara gani, ba lambu ba.

Na Kwari

Ku dai yi motsa jikinku, amma kada a kawo mana zancen ƙarfin ɓoye. A 2017 a Chengdu, Xu Xiaodong mai faɗan zamani ya kara da Wei Lei da ke kiran kansa gwanin taici, ko rabin minti ba a yi ba aka kwantar da shi. Ni kaina na taɓa biyan wani kuɗin wata uku a kan zai "buɗe min hanyoyin ci". Aljihuna kaɗai ya buɗe.

Baban Sadiq

Na Kwari, gaskiyarka a nan. Wanda bai taɓa shan naushi ba ba zai iya faɗa ba, ko shekara talatin ya yi yana tsayuwa. Duk malamin da ya ce zai ture ka ba tare da ya taɓa ka ba, ɗauki takalminka.

Malam na Zinder

Ni abin da ya tsaya min ba cinya ba ne, aƙida ce. Bayan wata takwas malamina ya ce yana so ya karɓe ni almajiri na cikin gida. Bikin ya ƙunshi miƙa shayi da durƙusawa a kai goshi ƙasa gaban malami da hotunan magabata. Na ce masa ni Musulmi ne, goshina ba ya taɓa ƙasa sai ga Allah. Na ɗauka shi ke nan mun rabu. Sai ya yi shiru, ya ce ya san Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui, cikinsu akwai manyan gwanayen wushu, wato wasannin faɗa na gargajiyar Sin, irin su Wang Ziping, kuma babu wanda ya raina su. Muka tsaya a kan gaisuwar dunƙule hannu a cikin tafi, a tsaye, na miƙa masa shayin. A tsayuwar kuma bai taɓa sa ni kiran sunan kowa ba, ƙirga numfashi kawai. Da ya sa, da na bari. Shawarata, ka tambayi malaminka tun da wuri abin da ke gaba.

Hajiya Uwani

Ni yanzu koyarwa nake, a tsakar gidana a Kano, mata shida, ƙaramarsu ta haura hamsin. Ba na ce musu "ci" ko dantiyan, don ranar farko da na gwada wata ta tambaye ni ko bori na koyo a Sin. Cewa nake su tsaya kamar an ɗora musu tulu cike da ruwa a ka. Nan take wuya ya miƙe, kafaɗa ta sauka, ƙugu ya zauna, abin da malamina ya sha wata guda yana gyara min. Minti biyu muke farawa, da kujera a kusa. Mai hawan jini ba na barin ta riƙe numfashi ko ta ɗaga hannu sama da ƙirji.

Abu Hafsat

Allah ya saka da alheri, na karanta duka. Hajiya, yau da safe na gwada na tulun nan, tsohon ya zagayo ya dube ni, a karon farko bai taɓa kafaɗata ba, sai ƙuguna kawai. Na kai minti tara. Maman Ilham, zafin a cinya yake, amma gwiwar hagu na ɗan karkata ciki kamar yadda kika ce, zan lura. Malam na Zinder, ta yaya ka faɗa masa maganar sujadar nan da Sinanci? Nawa Sinancin na ciniki ne, bai wuce "nawa ne" da "rage min" ba.