Kafiretar babur ɗin Baba: in wanke ta ko in sayi sabuwa?

Ɗan Gwale: Slm 'yan uwa, dan Allah masu ilimin babur ku ba ni shawara. Akwai Honda CG125 na mahaifinmu Allah ya jiƙansa, tsohon yayi ne ɗan Japan, tun muna firamare a kansa yake kai mu makaranta. Tun da ya rasu yana jingine a zaure, shekara biyu da wani abu ba wanda ya taɓa shi, kuma da mai a tanki aka ajiye shi. Yanzu kuɗin adaidaita ya ishe ni kullum Gwale zuwa Bompai, na ce bari in tashe shi. Na sa sabon fulogi, na juye baƙin mai, na zubar da tsohon fetur na zuba sabo. Yana tashi amma sai da cok, ina mayar da cok ɗin sai ya mutu, sulo kam babu shi sam, sannan ina buɗe makunnin mai sai fetur ya riƙa ɗiga ta 'yar robar nan ta ƙasan kafireta (abin da ke haɗa fetur da iska ya tura wa injin). Na kai wa makanikai biyu. Na farko ko kwancewa bai yi ba ya ce kafiretar ta mutu, in kawo dubu 14 ya sa min sabuwa ta kwali shi kuma ya riƙe tsohuwar. Na biyun dattijo ne, ya ce kar in kuskura, wannan ta kamfanin Keihin ce ta asali 'yar Japan, a wanke ta a canja nidil (allurar da ke tsayar da mai) da roba dubu 6 har kuɗin aiki, amma bai yi min alkawarin za ta daina zuba ba. Dubu 20 ce a hannuna kuma tayar baya ma tana jira. Wanne zan bi?

Abba Boxer: Allah ya jiƙan Baba. Canja fulogi kawai malam, nawa ma haka ya yi.

Ɗan Gwale: Amin na gode, ai na faɗa a sama na canja fulogi.

Sarkin Zolaya: Babur ɗin da ya girme ka ai ba wanki yake so ba, fansho yake so. Ka kai shi gidan makama a rataye shi kusa da sulke.

Oga Mai Sifana: Allah ya gafarta wa Baba. Ƙanina bi dattijon nan. Shekara 19 ina wannan sana'a, abin da ka lissafa ciwo biyu ne kuma duk ba na mutuwa ba ne. Fetur in ya daɗe a kwanon kafireta bushewa yake ya bar wani danƙo mai wari, shi ya toshe ƙaramin jet na sulo, wato kafar da mai ke bi, raminsa kamar na allura ne, shi ya sa sai da cok yake tashi. Zubar man kuma fulot ne, wato abin da ke tasowa ya rufe hanyar mai in kwanon ya cika, ko dai nidil ɗinsa ya ci ko tsatsa ta tsaya a bakinsa ya kasa rufewa. Abin tambaya ma shi ne me ya sa na farkon yake son riƙe tsohuwar in har ta mutu?

Baban Amira: Hmm. Wannan magana ta riƙe tsohuwa ta fama min tsohon miki wlh. Ɗan uwa zauna ka ji. Ni ma CG gare ni irin naka sak, na kai wanki kawai, wanki fa, saboda yana ɗan shaƙewa in na ja totur. Mutumin da nake kai wa aiki shekara huɗu, har sunan 'yarsa na je, ya ce in bar shi ya kwana wai zai jiƙa kafiretar a fetur. Washegari na zo na ga tana ƙyalli na ce kai aiki ya yi kyau. Sati bai cika ba babur ya fara shan mai kamar rijiya, salansa na baƙin hayaƙi, na koma ya ce bari ya matse min man. Ya buɗe sama ya zaro allurar totur ya mayar da kilif ɗin can gaɓar sama, ya canja jet ya sa ƙarami, ya ce yanzu lita ɗaya sai ta kai ni inda ban zata ba. To ta kai ni ɗin. Ranar ɗaurin auren ƙanin matata na taso daga Kano zan je Zariya, na wuce Kwanar Ɗangora kaɗan na ji injin na wani ƙara kamar ana kaɗa ƙusa a gwangwani, zafi na dukan ƙafata, kafin in ankara taya ta ƙame, Allah ne ya tsare babu mota a bayana. Da babbar riga na tura shi har inda na samu mai faci. Ɗaurin aure kam sai a waya na ji an shafa fatiha, surukaina har yau gani suke da gangan na ƙi zuwa. Da aka buɗe injin fistin ya narke a ka, fulogi fari fat kamar alli. Makanikin can ya ɗaga kafiretar ya ce Alhaji wa ya sayar maka da wannan, ai 'yar China ce aka buga wa suna. Ashe tawa ta asali tun daren nan ta yi gaba.

Maman Ilham: Innalillahi. Mutumin da ka je sunan 'yarsa?

Baban Amira: Shi fa Hajiya. Na koma ya rantse har da cewa a kawo Alƙur'ani, wai yaransa ne ƙila suka haɗa da ta wani. Na kai ƙara wajen shugaban makanikan layin aka yi zama biyu, ƙarshe aka ce in yi haƙuri a ba ni rabin kuɗin fistin. Ban karɓa ba, na bar shi da Allah. Fistin da ring da bulok da aiki sai da na sayar da tunkiyar da nake kiwo don layya. Shi ya sa ni yanzu ko iska za a sa min a taya ina tsaye a kai.

Abba Boxer: Kai Allah ya isa. Makanikai duk halinsu ɗaya.

Oga Mai Sifana: A'a Abba gyara zancenka, duk ɗaya kamar yaya? Alhaji Allah ya mayar da alheri, wanda ya yi maka haka ɓarawo ne ba makaniki ba. Amma in faɗi gaskiya ko za a ji haushi, rabin masu zuwa wajena su ne da bakinsu suke cewa Oga matse min mai. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 ba wanda yake son jin cewa injin yana buƙatar mansa. Ka ce masa in iska ta fi mai yawa injin zafi zai yi, ya ce kai dai matse. In ya buga kuma mu ne 'yan iska.

Injiniya Zazzau: Ɗan Gwale ba sai ka kai wa kowa ba, da kanka za ka yi a tsakar gida, ni a YouTube na koya. Rufe mai, kwance ta, ɗau hoto a waya kafin ka cire komai. Buɗe kwanon ƙasa da sukudireba da ta zauna daidai don kan sukurorin nan saurin lalacewa gare su. Zare fil ɗin fulot, girgiza fulot ɗin a kunne, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Cire babban jet da ƙarami ka ɗaga su a rana, in ba ka hango haske zagaye ba a toshe suke. Sukurun sulo kafin ka cire shi ka ɗaure shi a hankali kana ƙirga zagaye nawa ya yi, yawanci ɗaya da rabi zuwa biyu ne, haka za ka mayar. Ka fesa maganin wanke kafireta na gwangwani a duk ramukan amma ka cire robobi tukuna don yana kumbura su. Kuma kar ka bari a zura allura ko wayar burki a jet, tagulla ce, ramin zai buɗe babur ya koma shan mai. Makanikanmu abin da suke yi ke nan.

Oga Mai Sifana: Injiniyan waya sannu da aiki. Kafireta nawa ka taɓa buɗewa?

Injiniya Zazzau: Uku Oga, kuma duk suna kan titi.

Oga Mai Sifana: Ni kafin azahar nake buɗe uku. Maganar allura gaskiyarka ce ban musa ba, ni silin wayar lantarki mai laushi nake sawa sai iska. Amma baturen da kake kallo bai san ƙurar hunturu ba, bai san man kwalba ba. Duk bayanin nan naka ba ka ce a duba tanki ba. Babur ya shekara biyu a zaure, cikin tankin nan ja wur yake da tsatsa, ka wanke kafireta sau goma gobe ta sake toshewa. Sai an sauke tanki an wanke, an duba 'yar rariyar makunnin mai, an sa filta a tiyo. Sannan robar da ta haɗa kafireta da injin in ta tsage tana shan iska, sulo ba zai taɓa zama ba ko sabuwa ka saya. Soson iya kilina mai tace iska ma na tabbata ya zama gari.

Injiniya Zazzau: To ai ilimi ne Oga, ba gaba ba. Amma shekaru ba hujja ba ne, wanda ya cuci Baban Amira ma ai ya daɗe a sana'ar.

Maman Ilham: Ku dai masu koyo a waya ku ji tsoron Allah. Maigidana ya kalli irin wannan ya kwance tasa a robar da nake wanke shinkafa, ya ɗauke buroshin haƙorin Ilham, da ya gama haɗawa ga wani ɗan sifirin ya rage a tabarma yana ta juya shi yana cewa ƙila na rediyo ne. Kwana uku tuwonmu na warin fetur, babur kuma a kura aka kai shi gareji.

Sarkin Zolaya: Hhhh Hajiya a gaida Injiniya na gida. Sifirin ɗin a ajiye, gado ne.

Abba Boxer: Wai dubu 14 ma? An cuce ka, ni dubu 8 da ɗari biyar na sayi sabuwa a Fagge.

Oga Mai Sifana: Yaushe? Kuma ta Boxer ce ko ta CG? Ba girmansu ɗaya ba. Wadda ke hawa CG125 ita ce ake rubuta wa PZ26, mai ɗan kyau ba ka samunta a haka yanzu.

Abba Boxer: Bara waccan ne.

Bakatsine: Ni wata biyu da suka wuce dubu 19 aka ce min a nan Katsina, na bari. Kayan gyaran kuma na leda, mai jet da nidil da roba, dubu 2 da ɗari biyar. To dattijon naka dubu 6 ta mece ce?

Oga Mai Sifana: Ta hannu ce malam, ko kyauta zai yi? Kuma Ɗan Gwale in an sayo na ledar nan ka ɗau roba da nidil ɗin fulot kawai, jet ɗinka na asali a wanke a mayar. Na leda lambar da ke jiki daban ramin daban.

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum mutanen Najeriya. Nan wajenmu jaka bakwai zuwa takwas, wato sefa dubu 7 zuwa 8, ake saida sabuwa, amma walla in ka samu ta Japon tsohuwa masu gyaran moto har roƙonka suke ka saida musu. Kar ka bada ta.

Bakatsine: Jaka takwas ta sefa ai ta fi dubu 14 ɗinmu nesa in ka canja. Naira ta mutu Allah ya jiƙanta.

Baban Amira: Ni dai na faɗa maka, ko wanne ka zaɓa kar ta kwana a gareji. Ka sa ƙusa ka yi mata alama a ciki inda ba mai gani. Da na yi haka da yanzu ina da hujja.

Malam Na Ƙofar Ruwa: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Me ke kashe kafireta in ba mai ba? Ni sau uku ina wankewa a daminar nan, duk sanda aka kwance sukurun ƙasan kwano ruwa ne ke fara fitowa kafin fetur. 'Yan bumburutu su haɗa da kalanzir, galan ɗin a buɗe ruwan sama na shiga, mazurarin ko tsumma babu.

Bakatsine: Kar ka ɗora wa 'yan bumburutu su kaɗai. A Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai methanol ai a gidajen mai aka sayar wa mutane, ba a kwalba ba. Ni gidan man unguwarmu na daina shiga, ka ce a zuba lita biyu ka juye a gora ka ga ko ɗaya da rabi da ƙyar.

Abba Boxer: Wlh ni ma na gwada da gorar ruwa, yaron ya ce wai ba a sayarwa a gora. Saboda sun san abin da suke yi.

Ɗan Bumburutu Mai Gaskiya: Malam Na Ƙofar Ruwa a yi mana adalci, ni a gidan mai nake saro shi kuma tace shi nake da ƙyalle. Ranar da layi ya kai kilomita wa kuke nema da daddare?

Malam Na Ƙofar Ruwa: Kwalbarka lita ce?

Ɗan Bumburutu Mai Gaskiya: Kwalba ce.

Sarkin Zolaya: Hhhh an zo wajen. Mai gaskiya ya ce kwalba ce.

Ɗan Gwale: Na gode 'yan uwa. Na leƙa tankin da fitilar waya, Oga gaskiyarka akwai tsatsa sosai a ƙasa. Yanzu in na biya dattijon dubu 6, wankin tanki kuma nawa ne, kuma zai isa in sa taya? Na farkon ma ya kira ni ɗazu wai ya rage zuwa dubu 12 in dai zan bar masa tsohuwar.

Baban Amira: Ka ji ko! Ka ji ko! Irin muryar mutumina ke nan sak.

Bakatsine: Malam Na Ƙofar Ruwa wane gidan mai kake sha yanzu? Turo min ta akwati, don ni na rasa inda litarsu take cika.