Biron Shugaba da Yaran da Ba Su da Takarda

Malam Na-Ƙofar-Mata:
Salamu alaikum. Batun matasan nan ne da aka shiga da su Amurka tun suna ƙanana ba takarda. A amsa mini da waƙa, kuma a riƙe amsa-amon "ba".

Da sunan Allah nake farawa,
Zancen Amurka nake taɓawa,
A 2012 Obama yai sanarwa,
Yaran da ba takarda a bar korawa,
Ni kuwa ban ga dokar da ta ba shi ba.

Majalisa ita ce mai yin doka,
Shugaba nasa ya bi ya ɗauka,
Ƙudirin DREAM na ba yaran takarda an kai shi an saka,
A Dattawa a 2010 ya sha duka,
Ƙuri'a 55 ya samu, 60 ba ta cika ba.

Abin da ya faɗi a gaban Dattawa,
Sai ga shi ta taga yana shigowa,
DACA aka sa masa ranar raɗawa,
In duk mai mulki haka zai yowa,
Amfanin majalisa ban gano shi ba.

Hajiya 'Yar Houston:
Malam, ka kawo ta littafi. Ga ta ganin ido.

Akwai wata yarinya a layinmu,
Daga Meziko ta zo garinmu,
Goye a baya kamar 'ya'yanmu,
Ta yi makaranta tare da namu,
Ba ta san wata ƙasa bayan wannan ba.

Tana sha shida ta so lasisin mota,
Uwar ta ja ta ɗaki ta zaunar da ita,
Ta ce ba ki da lambar gwamnati, 'yata,
Ranar ta fara sanin matsayinta,
Har gari ya waye ba ta runtsa ba.

Yau a asibiti take kwanawa,
Majinyata take ɗagawa da juyawa,
Duk shekara biyu katin DACA sai sabuntawa,
Kuɗin fom na ga tana tarawa,
Katin ko bai mai da ita 'yar ƙasa ba.

Malam, kai ka karantar da mu tun tuni,
Laifin wani ba ya hawa kan wani,
Mai shekara uku ina ta san sani,
Iyaka ce ko kogi take gani?
A kai ta ina? Can ba ta san kowa ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Hajiya ta sosa mini inda ke ƙaiƙayi.

Mu 'yan Zango mun san wannan rana,
A 1969 aka yi ta a Ghana,
Gwamnatin Busia ta ce wa baƙi sai wata rana,
Mako biyu kacal, a naɗe tabarmar kwana,
Har haifaffun nan ba duka suka tsira ba.

1983 Najeriya ta rama,
Jakar nan mai ratsi ita ce alama,
Sa hannu ɗaya ne daga sama,
Sai ka ga tasha ta cika da jama'a,
Ba a tambayi yaro inda aka haife shi ba.

Lauyan Gefen Titi:
Baba Malam, a yi mini afuwa, akwai gyara kaɗan.

A lokacin marasa takarda sun kai miliyan 11,
Kuɗin kora na mutum 400,000 ne a shekara ɗaya,
Dole mai zartarwa ya zaɓa ya ware wuya,
Ya fara da mai laifi, ɗalibi ya koma baya,
Wannan zaɓin doka ba ta hana ba.

Inda Baba ke da ƙarfin hujja,
Izinin aiki ne, a nan aka ja,
Kusan 800,000 suka samu daraja,
Jinkirta kora daban, ba da kati wata haja,
Nan kam ni ma ban ce ka yi kure ba.

Trump a 2017 ya ce a rushe,
Sessions, ministan shari'a, ya karanta, aka ce ta ƙare,
Kotun Ƙoli a 2020 ta tare,
Alƙalai 5 da 4, babbansu Roberts ya ce ku sake,
Ikon kuna da shi, dalili ne ba ku bayar ba.

Alƙali Hanen a Texas ya biyo baya,
2021 ya ce shirin ya kauce hanya,
Tsofaffi su sabunta su ci gaba da tafiya,
Sababbi kuwa an ja ƙofa gaba ɗaya,
Ƙanin yarinyar Hajiya ba zai shiga ba.

Malam Na-Ƙofar-Mata:
Ɗana lauya, ka taya ni ba ka sani ba. Hajiya, ba korar yarinyar nake nema ba.

Inuwar gajimare aka ba ta,
Biro ya kawo, biro zai ɗauke ta,
Shugaba Reagan a 1986 doka ya sa wa hannu ta tabbata,
Miliyan 2.7 suka zauna ba fargabar wata,
Wancan har yau wani bai soke shi ba.

Hajiya 'Yar Houston:
Na ji, Malam, Allah ya ƙara sani,
Tun 2001 ƙudirin ke jiran wani,
Shekara 20 da ɗori ana ta za mu gani,
Katinta ko zai ƙare kafin rani,
Ta cika fom jiya, amsa ba ta zo ba.