Ƙoda lafiyarta ƙalau, amma ta daina aiki: wane suna za mu ba wannan ciwo?

1/ Jama'a, sallama. Ina fassara wata takardar wayar da kai kan ciwon hanta, sai na ci karo da abin da likitoci ke kira hepatorenal syndrome. Kwana uku ke nan ina juya shi. Rabin farko na kalmar daga Girkanci yake, hanta ke nan. Rabi na biyu daga Latin, ƙoda. Kawo nan babu wahala. Wahalar tana wajen haɗa su.

2/ Abin da ya fara zuwa bakina shi ne “ciwon hanta da ƙoda”. Na rubuta, na goge. Duk wanda ya ji haka zai ɗauka cututtuka biyu ne suka haɗu wa mutum ɗaya, kamar mai sukari da hawan jini. Alhali ciwo ɗaya ne, kuma a hanta yake zaune.

3/ Bari in bayyana yadda abin yake, don sai an san kamannin jariri ake raɗa masa suna. Idan hanta ta daɗe tana ciwo, ko daga ƙwayar cutar hanta nau'in B da ta yi mana katutu a Arewa, ko nau'in C, ko giya, sai ta taurare ta ƙanƙance. Jinin da ke zuwa mata daga hanji ya rasa hanyar wucewa, ya taru a baya. Jijiyoyin jinin ciki su saki, su buɗe, jini ya kwanta a cikinsu, ruwa ya cika ciki. Jiki kuwa sai ya ga kamar jini ya yi ƙaranci, sai ya matse jijiyoyin da ke kai wa ƙoda jini, ya riƙe gishiri da ruwa. Fitsari ya ragu, dattin da ya kamata ya fita ya taru a jini.

Mai noman rani ya san wannan. In ruwa ya malale a gonakin sama, gonar ƙarshen kwata ce ke bushewa, ba don ƙasarta ta lalace ba.

4/ Shi ya sa na ƙi “mutuwar ƙoda”, duk da ita ce ta fi yawo a bakin mutane a asibiti. Wannan ƙodar ba ta mutu ba. A 1969 likitoci a Amurka sun ba da rahoton cewa sun dasa wa wasu marasa lafiya ƙodar mutanen da suka rasu da wannan ciwo, ta kuma yi aiki a sabon jiki. Haka nan idan aka yi wa mai ciwon dashen hanta, sau da yawa ƙodarsa takan farfaɗo. In muka ce ta mutu, dangi za su bazama neman kuɗin wankin ƙoda suna zaton maganin ke nan. An bar jaki ana dukan taiki. Wankin yana da ranarsa, amma ba ya gyara hanta.

5/ Wata yayata ma'aikaciyar jinya ta ce in sa “ƙishin ƙoda”. Ma'anar ta yi daidai, ƙodar jini take nema. Na ce mata, Yaya, kin fi ni sanin 'yan jinya: da sun ji ƙishi za su cika majiyyaci da ruwa, mutumin da cikinsa ya riga ya zama tulu. Ta yi dariya ta janye.

6/ Wadda ta fi burge ni wani dattijo malamin Hausa ne ya kawo ta: “yajin ƙoda”. Ku duba kyanta. Mai yaji ba saki aka yi mata ba, fushi ta yi saboda abin da ake mata a gida, in an yi biko za ta iya dawowa. Bikon ma akwai shi: a dakatar da maganin sa fitsari, a ƙara wa majiyyaci albumin, wato wani furotin na cikin jini, ta jijiya, a haɗa da maganin da ke matse jijiyoyin cikin nan da suka saki, irin su terlipressin, wanda Turai ta daɗe tana amfani da shi amma sai a 2022 Amurka ta amince da shi.

Sai dai, Allah gafarta Malam, yaji ma'ana biyu gare shi. Wani zai ji a rediyo ya ce barkono ne ya taɓa masa ƙoda, ya daina cin yaji ya zauna a gida. Ga shi kuma kalmar tana da raha, ciwon kuwa mai saurin nau'insa kan kashe mutum cikin makonni in ba a tare shi ba. Kuma babu hanta a cikin sunan.

7/ Inda na tsaya: “tsayawar ƙoda ta sanadin hanta”. Na san tana da tsawo. Na zaɓi kalmar “tsayawa” maimakon “gazawa” saboda injin da ya tsaya ana sa ran tashinsa, gazawa kuwa ta riga ta zama sunan kowane irin lalacewar ƙoda. Wutsiyar nan ta “syndrome” na yar da ita, Bahaushe ba ya buƙatar a ce masa tarin alamomi kafin ya gane ciwo. Yajin Malam kuma na ajiye shi don bayani a bakin gado, in likita na son dangi su fahimta cikin minti ɗaya.

8/ Ga yadda ta zauna a takardar, ku ji ko ta yi nauyi a baki: “Mai taurin hanta da ruwa a ciki ya guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. In ya ga fitsarinsa ya ragu, ko zazzaɓi da ciwon ciki, ko aman jini, a kai shi asibiti ranar, domin ta nan tsayawar ƙoda ta sanadin hanta kan faro.”

Jibi zan miƙa aikin. Mutanen Damagaram da Maraɗi, in akwai yadda ake faɗinsa a asibitocinku, ku jefo kafin nan.