Monita mai ƙeya: wanne zan ɗauka?

Auwal: Salamu alaikum 'yan uwa. An ba ni zaɓi tsakanin monitocin kwamfuta masu ƙeya biyu, inci 17 da inci 19. Na'urorin wasan Sega Mega Drive da PlayStation ta farko nake son jonawa. Wanne zan ɗauka?

Baban Hanif: Wa alaikumus salam. Ko ɗaya ba zai yi maka ba, ƙanena. A saurin zana layukan hoto, monitan kwamfuta daga 31 kHz yake kamawa, su kuwa waɗannan 15 kHz suke fitarwa. Talabijin za ka nema, ko PVM, wato monitan bidiyo na ƙwararru na Sony, in rabo ya tsaga.

Dogo: Ya sa na'urar OSSC a tsakani mana, ta ninka masa layukan hoton.

Malam Sani: Ko ma wanne ne, kada ka biya sai an kunna shi a gabanka. Ni Trinitron na Sony inci 21 na saya da hoto, a kashe aka ɗauke shi, ban kawo komai a raina ba. Aka turo shi a kwali ba ko soso. Da ya iso robar ta tsage, wuyan kwalbar allon ya karye a ciki, ba mai gyara wannan. Mai shi ya ce lafiya lau ya fita daga hannunsa. Na biyu na je da ƙafata, amma da rana tsaka na duba, sai da dare na lura hoton dishi-dishi ne, rubutu ya caɓe a kusurwoyi. Na zare filogi na buɗe baya wai zan gyara. Wallahi fizgar da na sha har gwiwar hannu. Abin nan yana aiki da wajen volt 25,000, kuma yana riƙe caji bayan an cire wuta. In za ka duba, ka tafi da farin hoto da mai layi-layi don gwaji, ka bar shi ya yi zafi tukuna.

Dogo: Allah ya ƙara kiyayewa Malam. Ashe har da kai a gyaran gangar auzinawa 😂

Hajara: Nawa yana da siraran layuka biyu a kwance, suna fitowa a kan fari. Lalacewa ce?

Baban Hanif: A'a Malama, wayoyin da ke riƙe ragar ciki ne. Haka Trinitron yake, Diamondtron na Mitsubishi ma haka.

Dogo: Shi ya sa ba na son su.

Baban Hanif: Ba ka samu ba ne. A ajiye maka FW900, ƙaton Trinitron ɗin nan, mu gani.

Dogo: Kilo 42? Bayana ya fi min.

Hajara: To shunin da ke kusurwar dama fa?

Malam Sani: Janye sifika daga jikinsa, maganaɗisu ne. Sai ki danna degauss, wato abin da ke goge maganaɗisun daga allon.

Hajara: Ya tafi! Na gode Malam.

Auwal: Jama'a, ni fa? 17 ko 19?

Dogo: Wanda za ka iya hawa bene da shi.