Neman kalma: fannin nazarin ƙasusuwan tsoffin kaburburan Masar

Mai Shirin Kimiyya: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 4 zan naɗi shirin rediyo kan makabartun Amarna, birnin da Fir'auna Akhenaten ya gina a Masar sama da shekara 3,300 da suka wuce. A 2006 aka fara tono kaburburan talakawan garin ana duba ƙasusuwansu. Turawa na kiran fannin bioarchaeology. Ina son sunan da mai sauraro zai ji sau ɗaya ya gane.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ilimin mumiya mana. Larabawa ma mumiya suke cewa.

Likitan Ƙashi: A'a, wannan zai ɓatar da mutane. Mumiya gawa ce da aka cire wa kayan ciki, aka busar da ita da kanwa, aka naɗe da ƙyalle, aikin kwana 70, na sarakuna da masu hali. Yawancin mutanen Amarna a tabarma aka naɗe su aka binne cikin rairayi. Ƙashi ne ya rage, kuma shi ake karantawa: ƙugu ya nuna mace ce ko namiji, haƙora da haɗuwar bakin ƙasusuwa su nuna shekaru, ƙananan huji a saman kwarmin ido su nuna wahalar rashin abinci ko cuta tun yarinta. A makabartar arewa da aka fara tonowa a 2015, mafi yawan mamatan 'yan shekara 7 zuwa 25 ne, ga gadon bayansu da alamun ɗaukar kaya masu nauyi. Yaran nan su ne labarin. Sai dai "nazarin ƙasusuwan mutanen da".

Malamin Nahawu: Wannan ai bayani ne, ba suna ba. Muna da wanzanci, dukanci, dillanci. Me zai hana ƙasusanci? Kalma ɗaya, jininta Hausa. Nazari, ilimi, kimiyya duk aron Larabci ne. Har yaushe za mu riƙa bara alhali rumbunmu cike yake?

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, nahawun da ke sunanka ma daga can ya zo, haka kabari. Kuma na gwada ƙasusanci a kan mutanen gida, sun ɗauka sana'ar masu sayen ƙashi a mahauta ce.

Malamin Nahawu: Kowace sabuwar kalma baƙuwa ce ranar farko. Idan rediyo ta faɗi ƙasusanci wata uku, za ta zauna. Matsalarmu raina namu.

Ba'adare: Tunda ana maganar namu, a tuna Hausa ba a Kano kaɗai take ba. Mu kushewa muke cewa, ba kabari ba, kuma jam'in ƙashi a wurinmu ƙassa. A nan Nijar, a Gobero cikin hamadar Tenere, an gano kusheyi wajen 200, da yawansu sun girmi dalar Giza ta Masar da dubban shekaru. Kalmar da za a zaɓa ta yi mana aiki mu ma.

Malamin Nahawu: Daidaitacciyar Hausa aka tambaya, ɗan'uwa.

Ba'adare: Wa ya daidaita ta, da wa aka yi shawara?

Mai Shirin Kimiyya: Don Allah malamai, lokaci. "Kimiyyar kwarangwal" fa?

Likitan Ƙashi: Kwarangwal tsoro take kawowa, Hajiya, mai sauraro fatalwa zai tuna. Waɗannan mutane ne. A makabartar ma'aikatan dala da aka gano a Giza a 1990, an ga karaya da aka yi wa ɗori ta warke daidai, wato an yi jinyarsu. Sunan ya kamata ya riƙe musu mutunci. Kuma a rubuce a kula da lanƙwasar ƙ, kun san abin da kalmar ke komawa idan waya ta cinye ta.

Ba'adare: To a sa kufai. Ana cewa binciken kufai tuntuni. "Nazarin ƙasusuwan kufai" ya gajarta, kuma ya raba shi da aikin asibiti.

Ɗan Fagge: Kufai gari ne da aka tashi, ba makabarta ba. Amma ga Amarna ya dace, tunda watse ta aka yi bayan mutuwar sarkin.

Mai Shirin Kimiyya: Na gode. A buɗe shiri zan ce "nazarin ƙasusuwan mutanen da", daga baya in riƙa cewa "nazarin ƙasusuwan kufai". Mumiya sai inda aka ambaci Fir'auna Tutankhamun.

Malamin Nahawu: Ban gamsu ba, amma shirinki ne. Mai yin aikin fa, me za ki kira shi? "Masanin nazarin ƙasusuwan mutanen da" numfashi biyu ne. Ki ambaci ƙasusanci ko sau ɗaya, ki ji abin da masu kiran waya za su ce.

Mai Shirin Kimiyya: "Masani" kawai zan ce gobe, Malam. Taka zan kai wa editanmu.