Ƙ ta koma Æ™ a akwatin rubutu, don Allah ina mafita?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kawuna yana koyar da Hausa a wata firamare a Tudun Wada, shi ne na ce bari in haɗa masa 'yar manhaja da Python (yaren rubuta shirin kwamfuta) da Tkinter (kayan Python na haɗa maɓallai da akwatunan rubutu a allo), yana danna maɓalli darasin ranar ya fito a allo. Idan na rubuta jimlar kai tsaye a cikin shirin, lafiya lau take fitowa. Amma da na sa ta ɗauko daga fayil, sai "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗaki" kuma "É—aki". Daren jiya kuwa wani darasi mai kalmar "Ɓarawo" ƙin fitowa ya yi sam, sai kuskuren UnicodeDecodeError. Ga kuma wata: in na danna sau biyu, darasin sau biyu yake jeruwa. Windows nake amfani da ita. Na yi masa alkawarin Litinin.

Na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Kada ka wahalar da kanka, ka mai da su k' da d' da b' kawai. Kowa zai gane.

Malama daga Kongo:
Haba Malam, 'yan aji uku ake koya wa rubutu, ai ƙugiyar ita ce darasin. Yaron da ya saba ganin k' haka zai rubuta a jarrabawa.

Ƙanena, fayil ɗinka ba abin da ya same shi, wajen karantawa ne aka samu saɓani. An adana shi da UTF-8, wani tsarin mai da haruffa lambobi, inda harafin ƙ yake cin bayit 2 (bayit shi ne ɗan ma'aunin ajiyar bayanai a kwamfuta), wato lambobin C6 da 99. Shi kuma Python a kan Windows, in ba ka faɗa masa ba, tsarin kwamfutar yake bi, galibi cp1252, wanda kowane bayit harafi guda ne a wurinsa. Sai ya karanta C6 a matsayin Æ, 99 kuma ™. Ka ga inda baƙin naka suka fito. Babban Ɓ kuwa C6 da 81 ne, kuma 81 ba ta da harafi ko ɗaya a cp1252, shi ya sa a nan bai ma yi kame-kame ba, tsayawa ya yi cak.

Maganin: wurin da ka kira open, wato umarnin buɗe fayil, bayan sunan fayil ka ƙara encoding="utf-8". Shi ke nan. In daga baya ka ga wani ɗan baƙon abu a farkon layin farko, tsohon Notepad ne ya maƙala alamarsa, sai ka sa "utf-8-sig".

Injiniyan PZ:
Malama ta gama magana a kan wannan. Batun maimaituwa: insert, umarnin da ke zuba rubutu a akwati, ƙari yake yi, ba ya share na da. Ka fara kiran delete daga "1.0" zuwa "end", sannan ka zuba sabo. Ka lura a akwatin Text layi daga 1 ake ƙirga shi, harafi daga 0. Kuma in ka kulle akwatin da state="disabled" don kada yara su taɓa, kai ma ya kulle ka, insert zai yi shiru ba kuskure ba rubutu. Sai ka mai da shi "normal", ka zuba, ka sake kullewa. Wannan ta taɓa cinye min yini guda cur, har na fara zargin kwamfutar.

Ɗan Samaru:
Allah Ya saka da alheri! Na gwada a tawa, Ɓarawo ya fito da ƙugiyarsa. Sai dai na kai wa Kawu ɗazu, a tsohuwar kwamfutarsa ƴ ɗan murabba'i take nunawa.

Malama daga Kongo:
Wannan kuma ba laifin fayil ba ne, salon haruffan da ke kwamfutarsa ne ba shi da ita. Ka sauke masa Noto Sans ko Charis SIL, kyauta ne, sannan ka ambaci sunan a font na akwatin. Ka gaishe min da Malam, ka ce ya gwada da "ƴaƴa" kafin ya shiga aji.